Sharaɗin Shiga da Jefa Eksepshan a Aikin Java: Inda Makin Ɗalibai Ke Zubewa

A takardar aikin da malamin kwas ɗin Java (harshen rubuta manhajar kwamfuta) ke rabawa, kusan kowane metod, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, yana da layi ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa: idan adadin da aka ba shi bai wuce sifiri ba ya jefa `IllegalArgumentException`, idan jerin babu komai a ciki ya jefa `NoSuchElementException`. Waɗannan su ne eksepshan, alamar kuskure da metod ke jefa wa mai kiransa a maimakon ba da amsa. Ɗalibai kan ɗauki waɗannan layuka a matsayin cikon magana, su bar su sai daren miƙa aiki. Nan kuwa maki ya fi zubewa. Gwajin malami ba ya tsayawa ga ko metod ya ba da amsa daidai idan an ba shi abin da yake so. Yana duba me ya yi da aka ba shi abin da ba ya so, da kuma halin da ya bar bayanan da ke hannunsa bayan nan.

Sharaɗin shiga shi ne abin da dole ya zama gaskiya kafin a kira metod, alƙawarin fita kuma shi ne abin da metod ya ɗau nauyin tabbatarwa idan ya gama. Tony Hoare ya tsara wannan tunani ta hanyar lissafi a 1969, daga baya Bertrand Meyer ya gina shi cikin harshen Eiffel a tsakiyar shekarun 1980, inda ake rubuta sharaɗin da kalmar `require`, alƙawarin da `ensure`. Java ba ta da irin waɗannan kalmomi, don haka mai rubutu ne ke yin aikin da hannunsa. Amfanin tunanin shi ne raba alhaki. Idan aka karya sharaɗin shiga, laifin mai kira ne. Idan an cika sharaɗin amma amsa ta fito ba daidai ba, laifin metod ne. Eksepshan ɗin da aka jefa a bakin ƙofa yana faɗin na wa ne laifin, a daidai wurin da aka yi shi, kafin ɓarnar ta yi nisa.

Ɗauki aikin da aka saba bayarwa, kilas (tsarin da ke haɗa bayanai da metod ɗinsu wuri ɗaya) na asusun banki mai metod uku: ajiye, cire, tura. Ga yadda cire ya kamata ya fara:

```java
public void cire(long kobo) {
    if (kobo <= 0) {
        throw new IllegalArgumentException("adadi bai wuce sifiri ba: " + kobo);
    }
    if (aRufe) {
        throw new IllegalStateException("an rufe asusun");
    }
    if (kobo > saura) {
        throw new IllegalArgumentException("ana neman " + kobo + ", saura " + saura);
    }
    saura -= kobo;
}
```

Abin lura shi ne layin da ke taɓa kuɗin yana ƙarshe, bayan duk bincike ya wuce. Tela ba ya sa almakashi sai ya gama awo. Wanda ya rage kuɗin tukuna, sannan ya duba ko saura ya faɗi ƙasa da sifiri ya jefa eksepshan, ya jefa irin wanda aka nema, amma ya bar asusun da adadin da bai kamata ya wanzu ba. Mai kira zai cafke eksepshan ɗin ya ci gaba da amfani da asusun, kuma duk lissafin da ya biyo baya a kan ɓataccen adadi zai tafi.

A metod na tura matsalar ta fi muni, domin asusu biyu ake taɓawa. Yawancin ɗalibai kan rubuta `this.cire(kobo)` sannan `wani.ajiye(kobo)`. Idan `wani`, asusun mai karɓa, ya zo a matsayin `null`, wato ba ya nuna kowane asusu, layin farko ya riga ya gudana, na biyu ya fashe da `NullPointerException`, kuɗin ya bar wannan asusu bai shiga ko'ina ba. Haka idan asusun da za a tura wa a rufe yake. Gyaran shi ne a tattaro sharuɗɗan ɓangarorin biyu a duba su a sama: mai karɓa ba `null` ba ne, a buɗe yake, adadin ya wuce sifiri, akwai isasshen kuɗi, ƙarin kuma ba zai zarce iyakar abin da mai karɓa ke iya riƙewa ba. Sai bayan haka a taɓa komai. Akwai kuma tura wa kai, inda `wani` da `this` abu ɗaya ne. Da tsarin cire sannan ajiye ba ya ɓata lissafi, amma wanda ya karanta sauran kuɗin asusun biyu cikin wasu ma'aji na wucin gadi, ya yi ragi da ƙari, ya mayar, zai ga kuɗi ya ƙaru daga babu. Kwanstrakta, kod ɗin da ke gudana lokacin ƙirƙirar sabon asusu, shi ma yana da irin wannan tarko. Idan kilas na da ƙidaya ta `static` mai ba kowane sabon asusu lamba, kuma aka ƙara ta kafin binciken sharaɗi, kowane yunƙurin da ya faɗi zai cinye lamba ɗaya, gwajin da ke jiran asusu na uku ya zama mai lamba 3 ya tarar da 4.

Zaɓen irin eksepshan ba shi da wahala idan aka riƙe tambaya ɗaya: shin da an ba da wani adadi daban, kiran zai yi aiki? Idan zai yi, abin da aka shigar ne ke da matsala, `IllegalArgumentException` ke nan. Idan ko me aka bayar ba zai yi ba saboda halin da abin yake ciki, kamar asusun da aka rufe, `IllegalStateException` ne. Laburaren Java kanta haka take yi: kiran `remove` a kan `Iterator` kafin a kira `next` yana jefa `IllegalStateException`. Lambar gurbin da ta fita daga iyaka tana da nata, `IndexOutOfBoundsException`. Neman abu na gaba alhali ya ƙare kuma `NoSuchElementException` ne, kodayake tsohon kilas ɗin `Stack` yana jefa `EmptyStackException` idan aka kira `pop` babu komai. A kan `null` an rabu biyu. Laburaren Java ta fi jefa `NullPointerException`, kuma tun Java 7 akwai `Objects.requireNonNull` mai yin haka a layi ɗaya, amma kwasa-kwasai da yawa suna neman `IllegalArgumentException`. A nan ra'ayin ɗalibi ba shi da gurbi. Abin da takardar aiki ta rubuta shi gwaji zai nema, kuma irin da ba shi ba, ko da ya fi dacewa a ganinka, faɗuwa ce.

Haka nan jerin yadda aka duba su yana da tasiri idan kira ɗaya ya karya sharaɗi biyu, misali adadi mara kyau a kan asusun da aka rufe. Eksepshan ɗaya kawai zai fita, na farkon da aka tarar. Idan takardar ta jera su, a bi jerin nata. Wani jerin kuma harshen ne ke tilasta shi: a `suna == null || suna.isEmpty()`, alamar `||` tana tsayawa da zarar ɓangaren hagu ya zama gaskiya, shi ya sa ba a taɓa `isEmpty` a kan `null`. Juya su, ko rubuta `|` guda ɗaya, sai `NullPointerException` ya fito a wurin da aka nemi wani.

Rashin isasshen kuɗi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ba irin sauran ba ne. Cire kuɗi ƙasa da sifiri kuskuren mai rubuta kod ne, ba abin da mai amfani da manhaja zai yi a kai. Amma mutum ya nemi fiye da abin da yake da shi abu ne na yau da kullum, manhajar da ba ta da ko kuskure ɗaya za ta gamu da shi. Java ta raba eksepshan gida biyu saboda wannan bambanci. Waɗanda suka fito daga `RuntimeException` kwamfaila, manhajar da ke haɗa kod kafin ya gudana, ba ta tilasta kowa ya kula da su, su ne na karya sharaɗi. Sauran da suka fito daga `Exception` ba ta hanyar `RuntimeException` ba, irin `IOException` da `FileNotFoundException`, dole a cafke su ko a bayyana su da `throws`, in ba haka ba kod ɗin ba zai haɗu ba. A manhaja ta gaske ya fi kyau rashin kuɗi ya zama eksepshan na musamman na gida na biyu, ko metod ya mayar da sakamako mai nuna an ƙi. A aikin kwas, idan malami ya ce a ƙirƙiri irin wannan kilas, a duba da kyau wane kilas ya ce sabon ya gada, wato ya fito daga gare shi, domin gadar `Exception` a maimakon `RuntimeException` na iya hana fayil ɗin gwajinsa haɗuwa gaba ɗaya, wanda ke nufin sifiri a duk gwaje-gwajen, ba ɗaya kawai ba.

Akwai sharuɗɗan da ba a gani sai an san yadda kwamfuta ke riƙe lamba. `int` a Java ba ya wuce 2,147,483,647. Idan kobo ake ƙirgawa da shi, iyakar ta tsaya kaɗan a ƙasa da naira miliyan 21 da rabi, kuma ƙari a kan haka ba ya jefa komai, lambar kawai takan juya ta koma ƙasa da sifiri. Binciken `saura + kobo > IYAKA` ba zai kama wannan ba, tunda jimlar ta riga ta juya kafin a kwatanta. A rubuta `kobo > IYAKA - saura`, ko a yi amfani da `Math.addExact` da ya zo a Java 8, mai jefa `ArithmeticException` idan an zarce. Masu amfani da `double`, irin lamba mai ɗigo, kuma suna da `NaN`, alamar sakamakon da ba lamba ba ne, wanda duk kwatancen girma da aka yi da shi ƙarya yake fitowa. `if (x < 0) throw` zai bar shi ya wuce, `if (!(x >= 0)) throw` zai tare shi. Riƙe kuɗi a `double` ma kuskure ne tun asali, tunda 0.1 da 0.2 a can suna ba da 0.30000000000000004.

Wannan na zarce iyaka ba wasan aji ba ne. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta farko ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta daga Kourou a ƙasar Guiana ta Faransa. Kod ɗin na'urar da ke auna motsinta an ɗauko shi ne daga Ariane 4, kuma a cikinsa akwai wurin da ake mayar da lamba mai bit 64 zuwa mai bit 16, wadda ba ta wuce 32,767. A Ariane 4 lambar ba ta kai nan, shi ya sa aka bar wurin ba kariya. Sabuwar rokar ta fi gudu a kwance, lambar ta zarce, eksepshan ya tashi, na'urar ta kashe kanta, ta ajiya ma da ke gudanar da kod iri ɗaya ta riga ta mutu da ciwon. Sharaɗin shigar yana nan, gaskiya ne a tsohuwar roka, amma yana cikin kawunan injiniyoyi ne, bai bi kod ɗin zuwa sabon gida ba.

Aikin rubuta jeri mai faɗaɗa kansa, kwaikwayon `ArrayList`, yana da nasa ramin da ya fi kowanne kama ɗalibai. A ciki akwai `int[]` mai gurabe 10, amma abubuwa 3 kawai aka zuba. Ɗalibi kan ce ai Java da kanta tana jefa `ArrayIndexOutOfBoundsException`, ba sai ya duba ba. Gaskiya ne ga lamba 10 ko -1. Amma `get(5)` yana cikin gurabe 10 ɗin, don haka ba abin da zai fashe, sifiri kawai zai dawo, ko tsohon abin da aka cire aka manta ba a share ba. Dole a auna lambar gurbi da yawan abin da ke ciki, ba da girman gurabe ba. Iyakar kuma ba ɗaya ba ce ga kowane metod. `get` da `set` da `remove` suna karɓar daga 0 zuwa `size - 1`, amma `add` mai lambar gurbi yana karɓar har `size` kansa, domin saka abu a ƙarshe halal ne. Wanda ya rubuta metod ɗaya na bincike ya kira shi ko'ina ba tare da wannan bambanci ba zai hana ƙari a jerin da babu komai.

Ba kowane sharaɗi ake dubawa ba. Binciken raba-biyu, wato neman abu a jeri ta hanyar raba shi gida biyu a kowane mataki, yana buƙatar jerin ya kasance a tsare daga ƙarami zuwa babba. A jeri mai abu miliyan ɗaya binciken kansa kwatance kusan 20 ne, tabbatar da tsarin kuwa 999,999. Duba sharaɗin ya kashe dalilin yin metod ɗin. Shi ya sa bayanin `Arrays.binarySearch` ya ce kawai idan jerin ba a tsare yake ba, ba a san abin da zai fito ba. Irin wannan a rubuta shi a sharhin metod, a bar wa mai kira nauyinsa. Haka metod mai kiran kansa: a duba sharaɗi sau ɗaya a na `public`, sannan a miƙa wa mataimaki na `private` da ba ya maimaita binciken a kowane zagaye.

`assert`, umarnin tabbatar da cewa wani abu gaskiya ne, wanda ya shigo a Java 1.4, yana ruɗar mutane a nan. A kashe yake sai an kunna shi da `-ea` lokacin gudanarwa, don haka sharaɗin metod na `public` da aka dogara da shi a kansa tamkar ba a duba ba ne. Ko an kunna, `AssertionError` yake jefawa, ba abin da takardar ta nema ba. Wurinsa shi ne cikin metod na `private` da tabbatar da abin da kai ka yi imani gaskiya ne game da kod ɗinka. Python ma haka, `-O` yana cire duk `assert`, shi ya sa a can ake jefa `ValueError` ko `TypeError`.

Ɓangaren cafkewa ya fi na jefawa yawan ɓarna, kuma tushenta ɗaya ne: tsoron jan rubutu a allo. Ɗalibi ya ga manhaja ta tsaya da dogon jerin layuka, sai ya naɗe komai cikin `try`, ya buga saƙo, ya ɗauka ya gyara. Mafi yawa shi ne metod ya jefa eksepshan kuma ya cafke shi da kansa a wuri ɗaya. Mai kira ba zai taɓa sanin an ƙi ba, gwajin da ke jiran eksepshan kuma zai ga metod ya dawo lafiya. Buga "kuskure" da `System.out.println` sannan `return` duk ɗaya ne. Mayar da -1 ko `null` a wurin da aka ce a jefa shi ma haka. `System.exit` ya fi su duka illa, domin yana kashe injin Java gaba ɗaya har da gwaje-gwajen da ba su kai ga gudana ba. Akwai kuma ƙaramin da ido ke tsallakewa: rubuta `new IllegalArgumentException("...")` ba tare da `throw` a gaba ba. Kwamfaila ba za ta ce uffan ba, an ƙirƙiri abin an yar, aiki ya ci gaba.

Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce a cafke eksepshan a wurin da ake da abin yi a kansa kawai. Kilas na asusu bai san ko akwai allo ba, bai san ko mutum ne ke bugawa ko wata manhaja. `main`, ko duk inda ake hulɗa da mai amfani, shi ya san zai iya sake tambaya. Can `catch` ya dace, kuma da irin da ake tsammani, ba `Exception` gaba ɗaya ba, wanda zai haɗiye har kurakuran da kai ka yi. Idan `catch` ya fi ɗaya, na ƙasa a gado yake fara zuwa: `NumberFormatException` ɗan `IllegalArgumentException` ne, idan uban ya riga shi kwamfaila za ta ƙi. Idan kuma za a canja eksepshan zuwa wani iri, a miƙa na asalin a matsayin sanadi, `new KuskurenFayil(sako, e)`, don kada sawun inda abin ya faro ya ɓace. Kada a sa `return` cikin `finally`, yana shafe eksepshan ɗin da ke kan hanyar fita ba tare da wata alama ba. Rufe fayil kuma a bar wa `try` mai riƙe albarkatu na Java 7.

Karɓar lamba da `Scanner` yana da wani abin haushi na musamman. Idan mutum ya buga harafi a inda `nextInt` ke jiran lamba, `InputMismatchException` zai tashi, amma harafin yana nan bai tafi ba. Zagayen da ya cafke ya sake kiran `nextInt` zai tarar da harafin nan, ya sake faɗuwa, har abada. Dole a kira `nextLine` cikin `catch` a zubar da shi, ko tun farko a karanta layi gaba ɗaya a ba `Integer.parseInt`.

Idan aikin ya haɗa da gado, kilas ɗin ɗa ba shi da ikon tsananta sharaɗin da uba ya sa. Wannan na cikin ƙa'idar da Barbara Liskov ta gabatar a 1987: duk inda uba ke aiki, ɗa ya iya tsayawa a madadinsa. Idan `cire` na uba yana karɓar kowane adadi sama da sifiri, ɗan da ya ƙi abin da bai kai wani adadi ba zai karya kod ɗin da aka rubuta da sanin uba. Kwamfaila tana tsare rabin wannan, ba ta barin ɗa ya ƙara sabon eksepshan na dole a `throws`, amma sauran rabin ba mai tsare shi sai mai rubutu.

Sharhin da ke saman metod ya faɗi kowane sharaɗi da irin eksepshan ɗinsa, a `@throws`, da kalmomin da mai kira zai gane ba tare da ya buɗe kod ba. "Idan shigarwa ba daidai ba ce" bai faɗi komai ba. "Idan `kobo` bai wuce sifiri ba ko ya fi sauran kuɗin asusun" ya faɗa. Saƙon cikin eksepshan ma ya ɗauki lambar da ta jawo shi.

Kafin miƙawa, a gwada kowane sharaɗi a bakin iyakarsa ta ɓangare biyu: -1 da 0, `size - 1` da `size`, daidai sauran kuɗi da ƙarin kobo ɗaya a kai, jeri mara komai da mai abu ɗaya. A JUnit, laburaren gwada kod na Java, `assertThrows` na JUnit 5 ya fi tsohon `expected` na JUnit 4, wanda ke amincewa ko daga wane layin gwajin eksepshan ya fito, har da layin shiri. A san kuma cewa `assertThrows` yana karɓar 'ya'yan irin da aka nema, don haka `ArrayIndexOutOfBoundsException` da ya fito bisa haɗari zai ci gwajin `IndexOutOfBoundsException`. `assertThrowsExactly` ne ke rufe wannan ƙofa. Bayan kowane gwajin jefawa a ƙara layi ɗaya mai duba cewa sauran kuɗi, ko girman jeri, yana nan yadda yake kafin kiran, a asusun mai turawa da na mai karɓa duka.